Aikin gida a bakin Kwara: Wa ke taimakon ɗalibin Shanga idan an tashi makaranta?

Bayan sallar Magariba na shiga gidan ƙanwata a ƙasar Shanga, na tarar da 'yarta ta baje littattafai a kan tabarma, fitilar sola a gefe, wayar yayanta a hannu. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Malamin darasin zamantakewa ne ya ba su aikin gida: su faɗi ma'anar ƙaura, su kawo dalilanta, su bayyana abin da take jawo wa mutanen da suka bar mazauninsu. Yayan nata ya riga ya jefa tambayar a waya, amsa ta sauko da dogon Turanci, ita kuwa sai kwafa take yi layi bayan layi, tana sauri kada caji ya ƙare.

Na ce ta karanta mini abin da ta rubuta. Ta karanta tana cin tuntuɓe da kalmomi. Na ce, "To, yanzu faɗa mini da Hausa." Ta dubi wayar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. "Kawu, haka dai aka rubuta."

Taku uku daga inda take zaune, kakarta ta wajen uba tana ɓarar gyaɗa a faifai. A gungu aka haifi tsohuwar nan, a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yelwa. Aure ne ya kawo ta Shanga. Tana 'yar budurwa aka tashe su, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taso ya shanye gonakinsu da gidajensu. Mutum fiye da 40,000 aka sauya wa mazauni a wannan aiki, tafkin da ya samu kuma ya miƙe fiye da kilomita 130, ya rufe ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 1,200. Ita tana cikin mutanen nan. Ƙaurar da ake tambayar jikarta a takarda, ita da ƙafarta ta yi ta.

Na karɓi wayar na kife ta a kan tabarma, na ce, "Je ki tambayi Iya." Tsohuwa ta yi dariya, ta ce, "Ke kishiya, yau kuma ni za ki mayar malamar boko?" Amma da yarinyar ta matsa kusa, ta tambaye ta yadda suka baro gungu, sai hannunta ya tsaya da ɓarar. Ta ba da labarin ma'aikatan da suka zo da takardu suna ƙidaya ɗakuna da itatuwa, da ranar da aka loda tukwane da awaki da buhunan hatsi a jirage, da gidajen siminti da aka gina musu a tudu waɗanda ba su yi kama da ginin da suka saba ba. Ta faɗi yadda ƙasar tudu mai tauri ta ƙi karɓar albasa kamar yadda lakar bakin ruwa take karɓa, da yadda maƙwabta suka warwatsu, ba su sake zama unguwa ɗaya ba. Da ta zo kan kaburburan kakanninta sai ta yi shiru, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Yarinyar ta buɗe sabon shafi. Mun ɗauki kusan sa'a guda tana mayar da abin da ta ji zuwa Turancin da take iyawa: akwai ƙaurar ganin dama, akwai ta dole, ga abin da mutum ke rasawa, ga abin da yakan samu. Turancin bai kai na waya santsi ba, kuma da kurakurai a ciki. Sai dai babu jimla ɗaya da ba za ta iya tsayawa ta kare ba.

Wannan daren ne ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙasar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Shanga da Ngaski da Yawuri, muna zaune a kan tarin abin da darussan tarihi da adabi da gwamnati da labarin ƙasa suke nema, amma yaranmu suna miƙa hannu nesa. Iyaye da yawa kuma sun cire kansu da cewa, "Ni ban yi boko ba." A lissafi ko kimiyya wannan magana tana iya zama uzuri. A darussan da suka shafi mutane da zamansu, ba uzuri ba ce.

Darussan da aka mayar 'ya'yan bora

Duk wanda ya ratsa babbar sakandare a ƙasar nan ya san yadda ake rabon azuzuwa. Masu ƙoƙari a tura su ajin kimiyya, sauran a ce su tafi ajin at. Uba idan ya sami ɗan abin da zai biya kuɗin lesin, lissafi da Turanci zai ce a koya wa ɗansa, in ya ƙara sai fiziks da kemistiri. Tarihi, gwamnati, adabi, Hausa, ilimin addini, duk an jefa su cikin kwando ɗaya an ce, "Ai waɗannan hadda ce kawai." Daga nan ɓarakar ta faro. Wanda ya ɗauka darasi hadda ne, taimako a wurinsa shi ne ya samo wa yaro amsa ya miƙa masa. Yaya ya rubuta wa ƙanensa, aboki ya ba da littafinsa a kwafa da safe a ƙarƙashin bishiya kafin a kaɗa ƙararrawa, malami ya karɓi littafi arba'in masu amsa iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya.

Hukuma ma ta sa hannu a wannan raini. Daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin zamantakewa. Sai a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin dawo da shi, tare da shirin horar da malamai 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. Malami 100 a jiha mai ƙananan hukumomi 21 kamar Kebbi, kowa ya yi lissafin abin da zai kai Shanga. Abin da ya fi damuna ma shi ne wannan: yayyen da ke taimakon ƙannensu a yau, har da matasan malaman da ke ba da aikin, da yawansu sun tashi ne a shekarun da babu darasin. Wanda ba a koya masa yadda ake bin diddigin labari ba, ta yaya zai koya wa na bayansa?

Kuma ƙasar nan ce ta haifi ɗaya daga cikin manyan masana tarihin Hausawa. Farfesa Mahdi Adamu ɗan Ngaski ne. Binciken digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan Yawuri ta ƙarni na 19 ya yi shi, littafinsa na 1978 kuwa, a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, har yau ana karanta shi a jami'o'in gida da waje. Ya shugabanci Jami'ar Sakkwato a shekarun 1980. Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, shi ma ya shugabanci wannan jami'a kafin ya hau gadon sarauta a 1999. Masarauta ɗaya ta ba jami'a ɗaya shugabanni biyu. Ya kamata a ce kowane ɗalibin ajin at a Wara ko Dugu Tsoho ko Zamare ya san cewa wani ɗan ƙasarsu ya kai ƙololuwa ta hanyar darasin da ake raina masa.

Wa ya faɗa, a ina ya ji?

Ɗauki tambayar da kusan kowane ɗan boko a Najeriya ya taɓa cin karo da ita: wane ne ya gano kogin Kwara? Amsar da aka daɗe ana haddacewa ita ce Mungo Park. Yaron da ubansa Basarke ne ko Bagunge, wanda kakannin kakanninsa suke su a kogin nan tun kafin a haifi kakan Park, shi ma haka zai rubuta, ya wuce.

Mai taimako na ƙwarai ba zai tsaya ga cewa amsar ba ta yi ba. Zai zaunar da yaron ya ba shi labarin yadda yake. Park likita ne ɗan ƙasar Sikotilan. Ya fara ganin kogin a Segu, cikin ƙasar Mali ta yau, a 1796, ya dawo a 1805 da niyyar bin sa har inda ya ƙare. Jirginsa ya biyo ta nan gabanmu, ya tsaya a ƙasar Yawuri, inda ɗan jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya rabu da shi. A farkon 1806 ya halaka a duwatsun Busa, waɗanda yanzu suke ƙarƙashin tafkin Kainji tare da tsohon garin. To, sai a tambayi yaron: tunda babu Bature ko ɗaya da ya tsira daga jirgin nan, ta yaya duniya ta san abin da ya faru? Amsar ita ce daga bakin Amadi Fatuma, wanda wani tsohon ɗan jagoran Park mai suna Isako ya nemo a 1810 ya ɗauki bayaninsa. Shi kansa Amadi ba ya cikin jirgin a ranar. Ji ya yi daga wani bawa da ya tsira. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo har Yawuri suna cigiyar littafin tafiyar Park, ba su same shi ba, suka juya suka gangara da kogin har teku.

Ka ga ke nan labarin da ke cikin manyan littattafan Ingila ya rataya ne a kan "wane ya ji daga wane". Yaron da ya fahimci haka ya koyi tarihi, domin ya koyi tambayar da tarihi ya ginu a kanta. Kuma tambayar ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya ji cewa malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta, sun san wa ya ruwaito, daga wa ya ji, mai gaskiya ne, mai kiyayewa ne. Daga nan su ce wannan ingantacce ne, wancan mai rauni. Uwa ko uban da bai taɓa shiga aji ba amma ya san wannan, yana riƙe da mabuɗin darasin tarihi a hannunsa. Abin da ya rage kawai ya tambayi ɗansa, duk lokacin da ya kawo wata magana daga littafi ko daga waya: wa ya faɗa, a ina ya ji? Idan kuma ana son hujjar cewa mutane sun daɗe a bakin kogin nan, kafin ruwa ya taso masu haƙar kayan tarihi sun tono tukwane da mutum-mutumin yumɓu a kusa da Yelwa, waɗanda aka kiyasta sun haura shekara 1,000.

Akwai wata tambayar da ta fi wannan taɓa zuciya. Ana ce wa yaro ya lissafa Hausa Bakwai da Banza Bakwai, ya ɗauki biro ya rubuta sunan ƙasarsa a jerin "banza", babu wanda ya yi masa bayani. Na taɓa ganin yaron da ya tsaya a nan, ya ɗago kai yana tambaya ko mu banza ne. Taimakon da yake buƙata shi ne a nuna masa cewa wannan rabo ya fito ne daga labarin Bayajida, wanda ruwaya ce ta baka mai nuna yadda wasu masarautu suke kallon maƙwabtansu, kuma jerin kansa bai tsaya wuri ɗaya ba: wasu littattafan suna sa Gwari da Kwararrafa, wasu Bargu da Gurma. A tuna masa cewa Kabi ta Kanta, mai birnin Surame, wadda ta gagari daular Sanwai a ƙarni na 16, ita ma a wannan jeri aka sa ta. Ya rubuta jerin da jarrabawa ke so, amma ya rubuta yana sane da asalin maganar. Ganuwar Birnin Yawuri, tsohuwar hedikwatar masarautar kafin a dawo Yelwa a ƙarshen ƙarni na 19, tana nan a ƙasar Ngaski ga mai son gani da ido.

Ɗalibin gwamnati kuma kusan kowace shekara sai ya haɗu da tambayar mulkin Turawa ta hannun sarakuna: me ya sa ya yi nasara a Arewa, ina ya sami cikas? Amsar hadda takan ƙare a Gwamna Lugga da sarakuna da alƙalai da baitulmali. Alhali ga misali a tsallaken ruwa. A 1915 Turawa suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, suka sa ƙasarsa a ƙarƙashin Yawuri, abin da mutanen Busa ba su taɓa yarda da shi ba; tawaye ya ɓarke a ƙarƙashin wani ɗan sarauta mai suna Sabuki, daga baya dole aka warware tsarin. Masanin tarihi Michael Crowder ya rubuta littafi guda a kan wannan a 1973. Ɗalibin da ya kawo misalin nan ya nuna wa mai duba takarda cewa ya gane abin da ke faruwa idan an taɓa sarautar mutane ba da yardarsu ba.

Haka abin yake a labarin ƙasa. Littafi zai ce Kwara tana cika sau biyu a shekara a yankinmu: cikar damina mai ruwa gurɓatacce, wadda ruwan saman kusa ke kawowa, da wata cikar a lokacin sanyi mai ruwa garau, wadda ta taso tun daga tsaunukan Gini, ta yi watanni tana ratsa fadamun Mali kafin ta iso. Wane masunci ne a Yawuri bai san lokutan nan biyu ba, da kifin da kowanne ke zuwa da shi, da ranar da ya kamata a kwashe shinkafa daga fadama? Ɗa ya kawo taswira, uba ya kawo abin da idonsa ya gani shekara talatin, amsa ta haɗu.

Darasin zaure

Babbar matsalar da ke tsakanin yaro da aikin gidansa sau da yawa harshe ce. An ba da tambaya da Turanci, shi kuwa da Hausa yake tunani, wani ma da Gunganci ko Kambarci ko Fulatanci ya tashi kafin Hausar. Yakan san amsa sarai, amma bai gane abin da aka tambaye shi ba.

Malamanmu na zaure sun daɗe da magance wannan. Malam ya karanta Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya da Larabci, ya fassara da Hausa gaɓa-gaɓa, ɗalibi ya maimaita, gobe kuma ba a ƙara masa sai ya biya na jiya. A makarantar allo gardi ke biya wa ƙolo, amma ba ya karɓar allon ya karanta a madadinsa a gaban malam. Wannan tsari shi ne nake ganin ya fi dacewa da aikin gida na boko. A fara da mayar da tambayar zuwa harshen gida, a tabbata yaron ya gane ko lissafawa aka ce ya yi, ko bayyanawa, ko kwatanta abu biyu, ko faɗin ra'ayinsa da hujja. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki, a ce su tattauna, su jero kalmomi biyar su ajiye biro. Sannan ya faɗi amsar da baki, da harshen da ya fi iyawa, mai taimako yana yi masa tambayoyi har maganar ta tsaya da ƙafarta. Sai bayan haka a koma Turanci. Hannun mai taimako kuwa kada ya taɓa biro.

A darasin Hausa abin ya fi sauƙi, shi ya sa sakacin ya fi ciwo. Ana ba yara aikin kawo karin magana da ma'anarta, ko tatsuniya, ko kacici-kacici, su je su kwafo daga intanet. Yaron da aka ce ya bayyana "kifi na ganinka mai jar koma" yana da koma a rataye a zauren gidansu, yana da uban da zai nuna masa yadda ake riƙe ta. Wanda aka ce ya fito da jigon wani labari a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ya karanta wa mahaifiyarsa labarin da ƙarfi tana tuƙa tuwo, ya ji abin da za ta ce game da halin sarki da na waziri. Matan da suka tashi da tatsuniya sun fi mu saurin gano inda labari ya dosa.

A nan akwai wani abu da ya shafi Shanga kai tsaye. Harshen Shangawa na asali ba dangin Hausa ba ne. Daga zuriyar harsunan Mande yake, ɗan'uwan Kyanganci da Busanci. A yau ƙauyuka kaɗan ne suka rage da ake jin sa, akasarin Shangawa sun koma Hausa. Malamin da ya ce wa ɗalibansa kowa ya je wurin tsofaffin gidansu ya rubuto kalmomi 50 na harshen kakanninsa, sunayen kifi da hatsi da dangi da gaisuwa, ya ba da aikin gida kuma ya yi aikin ceto a lokaci guda.

Waya ta zo a ƙarshe

Ba na cikin masu cewa a ƙwace waya. Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka shigo, musamman Meta AI da ta bayyana a cikin WhatsApp a Najeriya a 2024, yaron ƙauyen da ba shi da ƙamus ya sami inda zai tambayi ma'anar kalma mai wuya, ko a sauƙaƙa masa wani sakin layi, ko ya duba shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa. Wannan alheri ne, kuma wanda ya taɓa karatu babu littafi ya san darajarsa.

Sai dai waɗannan manhajoji daga abin da aka rubuta suke koyo, abin da aka rubuta game da Shanga da Ngaski kuwa kaɗan ne ƙwarai. Inda suka rasa sukan cike gurbi da abin da ya yi kama da gaskiya, cikin harshe mai daɗi da ba ya nuna shakka. Yaron da bai saba tambayar isnadi ba zai haɗiye duka. Ga kuma ranar jarrabawar WAEC ko NECO, inda akwai ɓangaren rubutun bayani, babu yaya, babu waya. Wanda ya shekara shida yana kwafa, a ranar nan ne idonsa ke raina fata, daga nan kuma ake fara neman satar amsa. Don haka shawarata ga yayye ita ce waya ta zo a ƙarshe: yaro ya yi tunaninsa, ya duba littafinsa, ya tambayi manya, ya rubuta, sannan a buɗe waya a gwada.

Abin da ke tare hanya

Zan yi rashin adalci idan na nuna kamar laifin duk na iyaye da yayye ne. Yaron bakin Kwara idan an tashi makaranta, gona na jiransa, ko taru, ko shanyar kifi, ko talla. Wasu ma ramukan zinariya sun janye su gaba ɗaya. Da yamma ga Islamiyya. Lokacin da ya rage sai bayan Isha, a garuruwan da wutar lantarki ba ta zama, duk da cewa ruwan da ya cinye gonakin kakanninsu ne ke juya injinan Kainji. Na shiga wata makaranta a yankin nan, na ga ɗaki an rubuta laburare a ƙofarsa, da aka buɗe mini sai karyayyun kujeru da ƙura. Malami ɗaya yana riƙe da darussa uku a azuzuwa masu cunkoso; ina zai sami lokacin karanta amsar kowane yaro da natsuwa? Ga tsoro. Tun harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a ranar 17 ga Yuni, 2021, wanda sai a 2023 'yan matan ƙarshe da aka sace suka dawo gida, iyaye da yawa sun ja baya da makarantar kwana, inda a da ake da lokacin nazari na dare a ƙarƙashin kulawar malami. Nauyin ya dawo tsakar gida.

Duk da haka akwai abin da malami zai iya yi ba tare da ya jira kowa ba: ya ba da aikin da waya ba za ta iya amsawa ba. Maimakon a ce a kawo dalilan ƙaura guda biyar, a ce kowa ya nemo mutum ɗaya a unguwarsu da ya taɓa yin ƙaura, ya ji dalilinsa, ya kwatanta da abin da littafi ya faɗa. Kuma idan yaro ya kawo irin wannan amsa, kada a soke ta don ba ta yi daidai da abin da aka rubuta a allo ba. 'Yar ƙanwata ta yi sa'a. Malaminsu ya sa ta karanta aikinta a gaban aji, da ta gama sai ga hannaye sun tashi, wannan ya ce kakansa ma daga gungu aka taso su, waccan ta ce nasu garin ɓarayin daji ne suka tashe shi.

Sauran aikin na manya ne. Muna da Kwalejin Share Fagen Shiga Jami'a a Yelwa, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi. Ba abu ne mai wuya ba malaman tarihi da na Hausa na waɗannan wurare su haɗu da Majalisar Masarautar Yawuri su fitar da ɗan ƙaramin littafi, da Hausa da sassauƙan Turanci, a kan tarihin Yawuri da Ngaski da Shanga, da ƙabilun yankin, da labarin tafkin, a kai shi kowace makaranta. Ƙananan hukumomin uku su ware ɗaki guda a manyan garuruwa, a sa sola da benci da littattafai, ɗaliban manyan makarantu da suka dawo hutu su riƙa zama da ƙannensu. A bikin Rigata, inda ake tseren jirage kowace shekara, a ƙara gasar rubutu ta 'yan makaranta a kan kogin da mutanensa. Hukumar HYPPADEC kuma, wadda aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, ta ɗauki nauyin naɗar muryoyin waɗanda aka tasa, a ajiye a makarantu.

Wannan na ƙarshe ba ya jiran kasafin baɗi. Wanda yake da shekara 12 lokacin da ruwa ya taso a 1968, yau yana wajen shekara 70, waɗanda suka girme shi kuwa kullum raguwa suke yi. Iyaye da yayye na Shanga da Ngaski da Yawuri, idan yaro ya buɗe littafinsa yau da dare, ku tambaye shi abin da aka ce ya yi, ku sa ya faɗa muku da Hausa, sannan ku tura shi wurin tsohon da ke gidan tun yana nan.